Yadda baƙo zai ci moriyar Naver a Koriya ta Kudu

Ɗalibi ko ɗan kasuwar da zai sauka a Koriya ta Kudu ya kamata ya sauke manhajoji uku tun yana gida: Naver ta bincike, Naver Map ta taswira da Papago ta fassara. Duka na kamfani ɗaya ne, wanda Lee Hae-jin ya kafa a 1999, kuma har yau Naver ke kan gaba wajen binciken intanet a ƙasar, ba Google ba. Labarai, farashin kaya, lokutan buɗe shago, jerin gwanon asibiti, duk a can mutanen ƙasar ke dubawa.

Fara da taswira, domin ita ce za ka buƙata tun daga filin jirgin Incheon. Gwamnatin ƙasar ta daɗe tana taƙaita fitar da cikakkun bayanan taswirarta saboda tsaro, ta ƙi buƙatar Google a 2007 da 2016, shi ya sa shekara da shekaru Google Maps ba ya nuna hanyar tuƙi ko ta ƙafa yadda ya kamata. Shiga saitin Naver Map ka mayar da harshe Turanci. Sai dai sauya harshen allo bai gyara bincike ba. Sunan wuri ɗaya ana rubuta shi da haruffan boko ta hanyoyi biyu ko uku, in ka kuskure harafi ɗaya sai manhajar ta ce babu. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ka rubuta lambar wayar shagon ko otal ɗin a gurbin bincike, ko ka roƙi mai masaukinka ya turo maka adireshin da rubutun Koriya ka kwafa ka liƙa. Kada ka ruɗe in ka ga adireshi biyu ga gini ɗaya: akwai tsohon tsari na lambar fili, akwai na sunan titi da ya zama na hukuma a 2014.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa, abin lura shi ne lambar mafita. Tasha ɗaya tana iya samun mafita goma ko fiye, fita ta wadda ba ita ba kuwa sai ta jawo maka zagaye mai tsawo. Babban masallacin Seoul, wanda aka buɗe a 1976, ana zuwa masa ta tashar Itaewon a layi na 6, mafita ta 3, sannan a hau tudu. In ka ga lamba kamar 5-2 a gefen hanyar da aka tsara maka, ma'anarta tarago na biyar, ƙofa ta biyu, wato inda za ka tsaya don sauya layi cikin sauri. Lambobin suna nan rubuce a ƙasan dandamali.

Neman abinci kuma da harshen ƙasar ake yi. Rubuta 할랄, wato halal, ka haɗa da sunan unguwa. Kalmar 돼지고기, naman alade, ka ajiye ta a waya ka riƙa nema a jikin leda. Papago yana fassara hoto: ɗauki jerin sinadaran da ke bayan kwali, ka shafa yatsa a kan layin da kake so. Fassara daga Turanci zuwa Koriyanci ta fi kyau da gajerun jimloli. Kafin ka kama hanya, duba shafin gidan abincin, domin da yawa suna rufewa tsakanin ƙarfe 3 da 5 na yamma.

Wurin da baƙi suka fi shan wahala shi ne rajista. Buɗe asusu ba wuya, lambar wayar ƙasarka ma tana yi matuƙar saƙon tabbatarwa ya iso. Tantance sunan gaskiya ce matsalar, ita ake nema kafin amfani da Naver Pay, wato tsarin biyan kuɗi na Naver, da shiga wasu zaurukansa. Hanyar da aka saba ita ce layin wayar Koriya da aka yi wa rajista da katin zaman baƙi, wanda duk mai zaman da ya wuce kwana 90 dole ya mallaka. Layin 'yan yawon buɗe ido galibi ba ya yi. Kuma dole sunan ya zo daidai da yadda kamfanin waya ya shigar da shi: sunan mahaifi ne a gaba ko naka, da tazara ko babu. Masu suna uku, irin na yawancinmu, su suka fi faɗawa wannan rami. In an ƙi ka sau biyu, daina gwadawa, domin yawan kuskure yana sa a kulle ka na ɗan lokaci. Je shagon kamfanin wayar ka ce su nuna maka sunan a allonsu, ka ɗauki hotonsa.

Sakamakon binciken Naver ba jere yake kamar na Google ba. Ana kasa shi rukuni-rukuni, yawanci kuma daga cikin gidan Naver ɗin kansa: shagunansa, rubuce-rubucen masu amfani da shi, da dandalin tambaya da amsa na Knowledge iN da ya fara a 2002. Na sama-sama masu alamar 광고 talla ne. Rubutun yabo mai ɗauke da 협찬 an ba marubucin kaya ko kuɗi ne. Ka fi ba da nauyi ga sharhin waɗanda suka tabbatar da ziyara da rasit. Mai sarin kayan gyaran Hyundai ko Kia ya sa lambar kayan a sashen sayayya ya ga farashin cikin gida kafin ya zauna ciniki da dillali, ya kuma duba ko an haɗa kuɗin aike.