Yadda ake maye gurbin id3lib da TagLib don ƙ, ɗ da ɓ su fito daidai

Masu ɗura waƙoƙi da wa'azi a waya a Terminus, nan Jos, sun san matsalar nan: ka rubuta "Waƙar Biki" a sunan MP3, waya ta nuna "Wa?ar Biki". Sau da yawa laifin na id3lib ne, laburaren da wasu manhajoji ke rubuta bayanan ID3 da shi, wato sunan waƙa da na mawaƙi da ke cikin fayil ɗin MP3. Fitowarsa ta ƙarshe, 3.8.3, tun 2003 ce, kuma bai san ID3v2.4 ba, sigar ID3 da ta kawo UTF-8, tsarin haruffa mai ɗaukar ƙ, ɗ da ɓ. Ga masu gina manhaja, ga hanyar rabuwa da shi.

Da farko ka kwafe fayilolin ka ajiye gefe. Sannan ka ware goma masu haruffa masu lanƙwasa don gwaji.

Na biyu, ka girka TagLib, wani laburaren da ke karanta bayanan ID3 da rubuta su. Duk inda ka kira ID3_Tag, ka sa TagLib::FileRef, da setTitle() da setArtist() da save(). Wannan ba wuya.

Na uku shi ne tarkon. Idan ka miƙa wa TagLib::String rubutu ba ka faɗi irinsa ba, zai ɗauke shi a matsayin Latin-1, tsarin haruffan Yammacin Turai, kuma babu ƙ, ɗ ko ɓ a Latin-1. Dole ka ƙara masa String::UTF8 wajen rubutawa, ka yi amfani da toCString(true) wajen karantawa. Ka manta ɗaya, ka yi aikin baban giwa.

Na huɗu, ka duba masu saurarenka. TagLib yana adanawa a v2.4 ne, amma tsofaffin rediyon mota da yawa v2.3 kaɗai suke ganewa. Ni a ganina, in direbobin hanyar Bauchi ne kwastomominka, ka adana a v2.3 ta MPEG::File. UTF-16, tsarin haruffan da v2.3 ke da shi, yana ɗaukar haruffanmu sarai.

Saura tsofaffin fayiloli. In ka ga "WaÆ™ar", rubutun bai mutu ba, UTF-8 ne aka yi masa lakabin Latin-1. Mid3iconv, wata ƙaramar manhaja da ke zuwa tare da laburaren Mutagen, za ta gyara shi. Ka fara da zaɓin -p don ganin abin da za ta taɓa ba tare da ta canza komai ba. In kuwa alamar tambaya ce aka adana a fayil, harafin ya tafi, sai an sake bugawa da hannu.

Ka kuma goge ID3v1, tsohon tsarin ID3 da ke gindin fayil, domin ba shi da wurin faɗin tsarin haruffa. Daga nan ka gwada fayilolin nan goma a waya, a kwamfuta da cikin mota.