Yadda ake tsara waƙar muryoyi da magana ba tare da an karya Hausa ba

A kiɗan da Turawa ke rubutawa a takarda, wanda ake kira kilasik, an daɗe da shigar da magana tsagwaronta cikin waƙa. Arnold Schoenberg ya yi haka a 1912 cikin Pierrot lunaire, inda mawaƙiya ke tsayawa tsakanin rerawa da faɗa. A 1930 kuma Ernst Toch ya tsara wa rukunin muryoyi huɗu wani aiki da ba a rera komai cikinsa, sunayen wurare irin su garuruwa, ƙasashe, koguna da tafkuna ake jerawa bisa kari. Duka ayyukan biyu da Jamusanci aka yi su. Mu a Maraɗi muna da abin da Jamusanci ba shi da shi: harshenmu da kansa hawa yake yana sauka. Saboda haka karin waƙarka yana nan kwance cikin maganar, tono shi kawai za ka yi.

Fara da kunne, biro ya jira. Ɗauki wayarka ka je tasha da sassafe lokacin da ƴan kamasho ke kira: Tasawa, Damagaram, Dakoro, Madarunfa! Nemi izini kafin ka naɗi muryar kowa, ka kuma ba da na goro. In tasha ba ta yi maka ba, tsohuwa mai tatsuniya ko kirarin ɗan kokowa sun wadatar. Jimla uku ko huɗu kawai za ka zaɓa, don dogon zance nauyi yake yi wa mawaƙa.

Aiki na biyu shi ne mai cin rai, kuma nan ne mafi yawa ke yin ha'inci. Rubuta maganar gaɓa-gaɓa. Gaɓar da ke da dogon wasali ko ta ƙare da baƙi, mai nauyi ce, ka ba ta bugu biyu. Marar nauyi bugu ɗaya. Sannan ka saurara ka sa alama bisa kowace: ta hau, ta sauka, ko ta faɗo daga sama. Kada ka raina wannan. Kukan yaro gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, kukar miya kuwa ta biyun ƙasa take. In ka riƙe ta sama don karinka ya yi daɗi, ka dafa wa mutane miyar hawaye. Za ka kuma lura jimlar Hausa gangarowa take yi sannu a hankali, hawan da ya biyo bayan sauka ba ya kai na farko tsawo, sai dai in tambaya ce ƙarshenta ya ɗaga. Bi wannan gangara da muryarka har sai ta zama waƙa. Steve Reich na Amurka haka ya yi a Different Trains a 1988: ya yanko guntayen maganar mutane, ya sa goge irin na Turawa ya kwaikwaye su. Mai kalangu dai ba zai ji wannan sabon labari ba ne.

Daga nan sai rabon muryoyi. A tsarin Turawa ana son in murya ta sama ta hau, ta ƙasa ta sauka. Da Hausa wannan ɓarna ce, don duk muryar da ta juya baya ta karya kalmomin. Ana iya sa kowa ya hau tare ya sauka tare, amma da sauri kunne ke ƙoshi da shi. Ni na fi son manyan muryoyin maza su riƙe sauti ɗaya da baki rufe, mata su ɗauki kalmomin. Ko kuwa a shigo ɗaya bayan ɗaya: rukunin farko ya fara da "Tasawa", bayan bugu huɗu na biyu ya shigo da ita yayin da na farko ya kai "Damagaram". Mawaƙanmu sun saba da jagora da ƴan amshi, ba za su sha wuya ba.

Shi mai magana, wato wanda zai faɗi kalmomin ba tare da rerawa ba, kada ka ɗaure shi da kari. Nuna masa inda zai shiga da inda zai tsaya, tsakani ka bar shi da numfashinsa. In ya buɗe baki, sauran su rage murya su bar kalmomi, sai fa in hayaniyar tashar kake nema da gangan.

Wajen rubutawa, manhajar MuseScore kyauta ce, kuma ana nuna wurin magana da alamar x maimakon ɗigon da aka saba. Amma tun da ba kowa ke karanta wannan rubutu ba, zana layuka masu hawa da sauka bisa babbar takarda, ka naɗi rabon kowace murya ka tura ta WhatsApp.

Ranar gwaji, a fara faɗa da tafi kafin a rera. Guji ɗakin siminti wanda ba kowa ciki, amonsa na haɗiye ƙ da ɗ da ts, gara tsakar gida bayan la'asar. Sannan ka kira wani da bai taɓa ganin kalmomin ba, ya saurara sau ɗaya, ya maimaita abin da ya ji. Duk gaɓar da ya kuskure, koma takarda ka duba alamarta.