Yadda Za Ka Bi Sawun Saƙon Maiƙo a Ƙwayar Halitta

Ɗaliban kiwon lafiya a Garwa da Marwa da Ngaundere a ƙasar Kamaru, waɗanda galibi da Faransanci suke karatu, sukan haddace sunayen sinadaran maiƙo masu kai saƙo a jiki, amma idan aka tambaye su yadda saƙon ke isa, sai magana ta tsaya. Abin da na ga ya fi amfani shi ne ka ɗauki sinadari guda, furostagalandin E2, ka bi sawunsa da alƙalami a kan takarda.

Ka fara da zana fatar ƙwayar halitta, domin daga maiƙon da ke cikinta ne enzayim (furotin mai sarrafa sinadarai) fosfolifes A2 ke ɓanɓaro asid ɗin arakidonik, sannan wasu enzayim, COX-1 ko COX-2, su fara sarrafa shi ya zama furostagalandin. A wannan gaɓar ce asfirin ke tare hanya, kamar yadda masanin magunguna John Vane ya nuna a 1971.

Daga nan sai ka zana makarɓa a fatar ƙwayar da ke maƙwabtaka, wato furotin da ya ratsa fatar sau 7, kansa na waje yana jiran saƙo, ƙarshensa na ciki kuma yana haɗe da furotin G, mai isar da saƙon cikin ƙwayar. A nan ya kamata ka daɗe, gama E2 yana da makarɓai 4, EP1 zuwa EP4, kuma kowace da irin amsarta. EP1 tana ƙara kalshiyam a cikin ƙwaya har tsoka ta tsuke, EP2 da EP4 suna ƙara cAMP, wani sinadarin saƙo na cikin ƙwaya, sai tsoka ta saki, EP3 kuwa tana rage cAMP, kuma ita ce ke tayar da zazzaɓi a ƙwaƙwalwa. Saboda haka a ƙarƙashin kowace kibiya ka rubuta sunan makarɓar da abin da ya ƙaru ko ya ragu, domin ita ce ke yanke abin da ƙwayar za ta yi.

Ka gwada zanen da magungunan da ka sani a asibiti. Misoprostol, wanda ungozoma ke bayarwa don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, yana kwaikwayon furostagalandin ne ya tsuke mahaifa. Montelukast kuma, da ake ba masu asma waɗanda ƙurar hunturu ke wahalarwa, yana toshe makarɓar CysLT1 ta sinadaran lukotirin, waɗanda su ma sinadaran maiƙo ne masu kai saƙo. Sai dai kada ka sa kotisol, wani sinadarin maiƙo mai kai saƙo, a wannan zanen, domin shi ratsa fatar yake yi ya iske makarɓarsa a cikin ƙwaya.