Yadda na gyara kuben bindigata da ya saki

Ƙaramar bindiga ƙirar Glock 19 nake ɗauka a nan Texas, cikin kuben Kydex (wata irin roba mai tauri) na cikin ƙugu. Kwanan baya in na sunkuya sai in ji tana kwaram-kwaram. Ashe sukurun da ke matse kuben ne ke warwarewa, washar robar da ke tsakani kuma ta lotse.

Na cire magazin, na tabbatar babu harsashi a cikin bindigar, sannan na sauya washar. Na ɗiga Loctite shuɗi (gam mai hana sukuru warwarewa) a zaren sukurun kawai, kada ya taɓa jikin kuben. Jan Loctite kam ban yarda da shi ba, sai da wuta yake kwancewa. Da ya bushe bayan awa 24, na kife kuben kan katifa na girgiza: bindigar ba ta faɗo ba, amma in na ja tana fitowa sumul.