Kalmomin intanet da ya kamata mai sabuwar salula ya sani

A kasuwar Tahoua, idan mutum ya sayi salula mai shafawa, yawanci mai shagon ne yake buɗe masa WhatsApp da Facebook nan take, sai ya koma gida yana zaton waɗannan biyun su ne intanet gaba ɗaya. Gaskiyar magana, intanet ita ce haɗuwar kwamfutoci da wayoyi na duniya ta igiyoyi da turakun sadarwa, WhatsApp kuwa manhaja ce guda ɗaya da ke bin wannan hanya, kamar yadda motar haya ke bin titin Ƙonni ba tare da ta mallaki titin ba. Tun da Nijar ba ta da bakin teku, yawancin abin da kake gani a wayarka yana iso mu ne ta igiyoyin da suka ratso ƙasashe maƙwabta.

Mataki na farko shi ne samun layi daga ɗaya daga cikin kamfanonin ƙasar, wato Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms, kuma ka tabbatar an yi rajistarsa da takardar shaidarka, domin ranar da wayar ta ɓace da wannan takarda za ka je a mayar maka da lambarka. Bayan haka sai ka bambance kiredi da forfe. Kiredi kuɗin da ka zuba ne a layin, forfe kuwa wani kaso ne na intanet da kake saye da wannan kuɗin don ya yi maka kwana ɗaya, mako ko wata. Wanda ya kunna intanet bai sayi forfe ba yana iya tarar da kiredinsa ya ƙare cikin ɗan lokaci.

Ana auna forfe da mega da giga, kuma giga ɗaya daidai take da mega 1,000 a lissafin yau da kullum. A nan ne nake ganin mutane sun fi yin asara. Saƙon rubutu ba ya cin komai a zo a gani, saƙon murya ya fi shi ci, hoto ya fi murya, bidiyo kuwa shi ne mai cinye kwanon duka. Saboda haka ka shiga saitin WhatsApp ka hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, musamman idan kana cikin rukunin dangi ko na unguwa inda ake turo wa'azi da bidiyon biki dare da rana. Haka kuma ka saita wayar ta daina sabunta manhajoji sai lokacin da take kan wifi, wato intanet ɗin da wata na'ura ke rabawa a ofis, makaranta ko gida.

Rezo kuma ƙarfin siginar kamfanin ne a inda kake tsaye. Ka dubi alamar da ke saman wayar: 4G ta fi sauri, 3G ko H tana biye da ita, harafin E kuwa yana nufin sai ka yi haƙuri.

Domin karanta shafuka kana buƙatar manhajar buɗe shafi, irin su Chrome, Firefox ko Opera Mini. Shafukan nan su ne ake kira yanar gizo, tsarin da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a shekarar 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba. Kowane shafi yana da adireshinsa, kuma ƙarshen adireshin yakan nuna asalinsa: .ne na Nijar ne, .ng na Najeriya, .fr na Faransa. Idan ka san adireshin, ka rubuta shi a layin sama harafi bayan harafi. Idan ba ka sani ba, ka rubuta abin da kake nema a Google, ko da Hausa ne. Rubutun nan mai launin shuɗi da ake dannawa ya kai ka wani shafin shi ne mahaɗi, kuma bai kamata ka danna wanda baƙuwar lamba ta turo maka da alƙawarin kyautar mega ko tallafin kuɗi ba.

Sai maganar kalmar sirri, wadda ta fi damuna. Na sha ganin dattijo da ba shi da masaniyar cewa yana da adireshin imel, wato akwatin wasiƙa na intanet da ake buɗewa da kalmar sirri, domin yaron da ya saita masa wayar ne ya buɗe shi, ya zaɓi kalmar, ya kuma manta da ita. Ka nemi a nuna maka adireshin, ka canja kalmar da hannunka, kada ka sa shekarar haihuwarka ko lambar wayarka, sannan ka rubuta ta a takarda ka adana a gida. Idan WhatsApp ya aiko maka da lambobi 6 ta saƙo, kada ka faɗa wa kowa su, ko da mai kiran ya ce daga kamfanin yake ko kuwa ɗan'uwanka ne da ya yi kuskure, domin da waɗannan lambobin ake ƙwace asusun mutum a riƙa roƙon kuɗi da sunansa. Ka shiga saitin asusun WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da kai da kanka za ka zaɓa, tun ranar da ka karɓi wayar.