Yadda Ake Karanta Tarihin Mai Jifa a Wasan Besbol Idan Ya Yi Ta Sauya Ƙungiyoyi

A cikin dilolin gwanjo na kasuwar Ƙofar Wambai ba a rasa riguna masu maɓallai a gaba da suna da lamba a baya, kuma da yawansu rigunan wasan besbol ne daga Amurka. Wani ƙanena ya sayi guda, ya bincika sunan da ke bayanta a wayarsa, sai ya tarar mai sunan majefin ƙwallo ne, wato mai jefa wa mai riƙe da sanda ƙwallo ya doka, da ya ratsa ƙungiyoyi rututu a ƙasashe daban-daban. Nan take ya yanke hukuncin cewa mutumin bai iya ba, shi ya sa kowa ke korarsa. Da idon ƙwallon ƙafa ya kalli lamarin, alhali a besbol ba kasafai ɗan wasa ke zaɓar inda za shi ba, saboda haka akwai abubuwan da ya kamata a bi daki-daki kafin a ce ga gwani ga rago.

Abu na farko shi ne a tantance matakin kowace ƙungiya da ke cikin jerin. Babbar gasar Amurka, wato MLB, tana da ƙungiyoyi 30 da aka raba gida biyu, 15 a American League, 15 a National League, kuma kowace tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta bisa matakai, tun daga na sababbin shiga har zuwa Single-A da High-A da Double-A da Triple-A. Idan aka ga mutum ya yi wasa a garuruwa huɗu cikin shekara uku, mai yiwuwa ne bai taɓa barin uwar ƙungiyarsa ba, hawan tsani kawai yake yi a gida ɗaya. Ya kamata mai karatu ya ɗauki biro ya rubuta sunan uwar ƙungiya a gefen kowane gari, zai ga jerin ya ragu sosai.

Daga nan sai a tambayi wane ne ya yanke shawarar kowane sauyi, kuma a nan ne aikin yake. A ƙwallon ƙafa, lokacin da Ahmed Musa ya bar CSKA Moscow zuwa Leicester City a 2016, ko lokacin da ya dawo Kano Pillars a 2021, sai da ya amince ya sa hannu. A besbol musaya ake yi: ƙungiya ta ba da ɗan wasa da kwantiraginsa ta karɓi wani, kuma in ba shi da sharaɗin da ya hana hakan ko daɗewar da ta ba shi ikon ƙin tafiya, waya kawai za a buga masa ya haɗa kayansa. Sai ya cika shekara shida a babbar gasa, ana lissafa kwana 172 a matsayin shekara guda, sannan yake samun 'yancin cinikin kansa. Tarihin Edwin Jackson ya isa misalin musaya. Ya yi wa ƙungiyoyi 14 jifa a MLB tsakanin 2003 da 2019, kuma a watan Yulin 2011 Chicago White Sox ta miƙa shi ga Toronto Blue Jays, ita kuma ta miƙa shi ga St. Louis Cardinals a ranar, bai ko sa rigarta ba. Wata uku bayan haka ya ɗauki kofin World Series, wato wasan ƙarshe na zakarun MLB, da Cardinals. Wanda ake nema a tsakiyar kaka domin a ci kofi da shi ba korarre ba ne, kayan da kasuwarsa ke ci ne.

Akwai kuma sauyin da yake nuna an gaji da mutum. Kowace ƙungiya tana da rajistar mutum 40, 26 daga cikinsu ne ke wasa a babbar gasa, kuma tana da ikon saukar da matashi zuwa ƙananan matakai ta dawo da shi a cikin kakar wasa uku. Idan damar ta ƙare kuma ana son gurbinsa, sai a cire shi daga rajista, abin da ake gajartawa da haruffan DFA. Cikin kwana bakwai dole a yi musayarsa ko a sanya shi a jerin waɗanda kowace ƙungiya za ta iya ɗauka. Ganin waɗannan haruffa sau uku ko huɗu a shekara guda alama ce ta mutumin da ke rayuwa a bakin ƙofa, jakarsa kullum a ɗaure.

Idan jerin ya tsallaka teku, kada a ɗauka ritaya ce. Gasar Japan tana da ƙungiyoyi 12, ta Koriya ta Kudu tana da 10, kuma hanyar tana da zuwa da dawowa. Hideo Nomo ya bar Kintetsu Buffaloes ta Japan ya koma Los Angeles Dodgers a 1995, ya buɗe wa 'yan ƙasarsa ƙofa, har ta kai Dodgers ɗin ta ba Yoshinobu Yamamoto kwantiragin shekara 12 a kan dala miliyan 325 a ƙarshen 2023. Wanda ya fi burge ni dai shi ne Merrill Kelly, wanda ya yi shekaru a ƙananan matakan Tampa Bay Rays ba a taɓa kiransa sama ba, ya tafi SK Wyverns ta Koriya daga 2015 zuwa 2018, sannan Arizona Diamondbacks ta ɗauko shi ya fara wasa a MLB yana da shekara 30, ya kuma yi jifa a World Series na 2023. Ƙungiyoyin Jamhuriyar Dominika ko Benezuwela da ke bayyana a tsakanin kaka da kaka kuwa galibi wasan hunturu ne na 'yan watanni.

Sai alƙaluma. A fara duba ko mai buɗe wasa ne ko mai karɓa, wato wanda ke canjar mai buɗewa a cikin wasa: mai buɗewa yakan fito sau ɗaya a kwana biyar, wajen wasa 30 cikin 162 na kaka, mai karɓa kuwa yakan fito sau 60 ko fiye amma zagaye ɗaya-ɗaya cikin zagaye tara da aka saba yi a wasa, kuma masu karɓa sun fi kowa yawo. Ma'aunin da aka fi dubawa shi ne ERA, wato makin da aka ci ta dalilin jifansa a kowane zagaye tara. Wanda aka ci maki 20 a zagaye 60 yana da 3.00, kuma ƙanƙantar lambar ita ce kyawunta. A lura cewa 6.1 a gurbin zagaye yana nufin shida da sulusi, 6.2 kuma shida da sulusi biyu. Kada a haɗa lambar Triple-A ko ta Koriya da ta MLB a kwano ɗaya, domin masu dukan ƙwallo da sanda da ya fuskanta ba ɗaya ba ne.

Shekarar da babu komai a gabanta sau da yawa ciwo ne. Jijiyar gwiwar hannu takan tsinke wa masu jifa, a yi musu tiyatar da ke ɗauke da sunan Tommy John, mai jifan da likita Frank Jobe ya fara yi wa a 1974, kuma jinyarta takan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan aka ga giɓi irin wannan, a duba kakar da ta biyo baya a ga ko mutumin ya dawo a matsayin mai buɗe wasa ko an mayar da shi mai karɓa, sannan a ga ko kwantiragin da ya dawo da shi na babbar gasa ne ko na ƙaramin mataki mai ɗauke da gayyatar gwaji a atisayen bazara.