Anko da kwanon masara: yadda nake raba kuɗin biki da na taimako

Da an sauko idin ƙaramar Sallah bukukuwa suke ɓarkewa a Kano. Kowane biki da ankonsa: atamfar kamu, leshin dina, wani sa'in har da na walima. Ki ɗora kuɗin ɗinki, mai lalle, mai kwalliya, ɗaurin kallabi, adaidaita sahu zuwa da dawowa, ga abin liƙi. Biki ɗaya tak yana iya lashe naira dubu 70, wato mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024. A layinmu kuwa, tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, akwai gidajen da sai la'asar ake ɗora tukunya, kuma shi ke nan sai gobe.

Ni ba na cikin masu cewa a daina biki. Zumunci ne, kuma Annabi (SAW) da kansa ya tsaya wa Nana A'isha ta kalli wasan mutanen Habasha a masallaci. Abin da Alƙur'ani ya hana shi ne almubazzaranci, kuma a Suratul Isra'i, aya ta 26, an haɗa hanin a wuri ɗaya da umarnin ba ɗan'uwa da miskini da matafiyi haƙƙinsu. Aya ta 29 ta ce kada hannu ya maƙale a wuya, kada kuma a shimfiɗa shi gaba ɗaya. Ga yadda nake neman tsakiyar.

Ki fara da rubutawa. Ki ɗauki littafin da kike lissafin adashi, ki buɗe shafi ɗaya, ki rubuta duk abin da kika kashe a wata don jin daɗi kawai: anko, datar kallon fim, shawarma, kuɗin shiga wurin wasan yara. Kada ki sa cefane, kuɗin makaranta ko magani. Ki rubuta a ranar, domin idan kika bari sai ƙarshen wata zuciya za ta rage miki rabi.

Sannan ki ɗaura taimakon a jikin nishaɗin. Ƙa'idata ita ce kashi ɗaya cikin biyar: in zan kashe dubu biyar a kwalliya, dubu ɗaya ta shiga asusun taimako tukuna, kafin mai kwalliya ta taɓa fuskata. Taki ƙa'idar tana iya zama ɗaya cikin goma, gwargwadon samunki. Muhimmin abu shi ne a cire kafin a kashe. Mai jiran abin da ya rage bayan biki ba za ta ga komai ba, don ba a taɓa dawowa daga dina da canji. Wannan tsari yana da wani amfani da ban zata ba: yana gaya mini gaskiyar aljihuna. In na ga ba zan iya biyan leshin da kason asusun tare ba, to leshin ya fi ƙarfina, sai in ɗauki atamfar kawai, in je kamu, in ba uwar amarya haƙuri kan dina. Za a yi ƙorafi kwana biyu, a manta.

Kada ki lissafa zakka a ciki. Ita bashi ce a kanki: kashi 2.5 cikin ɗari na dukiyar da ta kai nisabi, kimanin giram 85 na zinare, ta kuma shekara a hannunki. Haka zakkar fid da kai. Wannan asusun sadaka ce, ƙari a kan wajibi.

Wa za a ba? A nan mutane suka fi ruɗewa. Ki fara da na jikinki: ƙanwar mahaifiyarki da mijinta ya rasu, yarinyar da take miki wanke-wanke, maƙwabciyar da kika lura hayaƙi ya daina tashi a gidanta. Ki zaɓi gida ɗaya ko biyu ki riƙe su kowane wata, ya fi ki watsa ɗari biyu-biyu a bakin danja. Hadisi ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Kuma ki tambaya kafin ki saya. Wata kwanon masara take buƙata, wata kuɗin allurar ciwon suga, wata kuma jarin ƙuli-ƙuli ne zai fitar da ita. Ki aika da daddare, ta hannun babba, ba yaron da zai shelanta wa layi ba. Hoto kuwa, don Allah a bar shi. Wadda aka ɗauka riƙe da ledar shinkafa ta riga ta biya kuɗin da mutuncinta.

Za ki ji ana cewa ai biki ma taimako ne, tela da mai lalle da mai kiɗa duk a nan suke ci. Gaskiya ne, shi ya sa nake biyan telata hakkinsa ranar da na karɓi ɗinki, ba na ce masa sai albashi ya shigo. Amma ciniki ne, kin biya kin karɓi kaya. Tsohuwar da ba ta da abin sayarwa ba ta cikin wannan layin.

Wurin da ya fi sauƙin yankewa shi ne liƙi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, ta ma haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla dubu 50 ko duka biyun. Ki sa gudummawarki a ambulan ki damƙa wa amarya a hannu. Abin da kike ba masu canjin sababbin kuɗi a ƙofar wurin taro, ki juye shi cikin asusun.